Shekarar da Na Kira 'Yar Fari da Sunanta

Na gaji da jin maganar nan a bakin wasu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta da hannuna, ko da yake idona ba ya ɗaukar dogon rubutu yanzu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ko da kuwa ba mai daɗin ba ce. Kai nake nufi, Sani, da duk wanda ya ɗauki karatunka a cikin ƙannenka. Shekara da shekaru kana yawo da zancen wai lafiyata ƙalau babbar yayarku ta ja ni asibiti aka yanka ni, don kawai ta sami naman da za ta yi bincike a ƙara mata girma a wurin aiki. A tsaye kake gaishe ta. Ranar salla ka tura yara cikin gidanta, kai ka zauna a mota kana danna waya. Ina gani, ai ba makancewa na yi ba. Babanku ya tafi bai kashe wannan wuta ba, Allah ya jiƙansa, ni kuma ba na so in bi shi in bar ta tana ci.

Sai na faro daga abin da ku 'yan yanzu kuke yi wa dariya. Ita 'yar fari ce, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai dai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka na taso na ga Innarmu tana yi, ban taɓa tambayar dalili ba. Ranar da aka yaye ta, yayata Asabe, wadda kuke ce wa Umman Gyallesu, ta zo ta goya ta ta tafi da ita. Yaya Asabe wabi ta yi ta yi, ta haifa ta binne har ta haƙura, don haka kowa ya ce riƙon ya dace. A hannunta yarinya ta yi famfara, a hannunta ta shiga makaranta, ita take kira Umma. Ni kuwa ba ta da abin da take kirana, sai da na je Makka ta sami Hajiya ta riƙe. Ni ma yarinyar nan nake cewa, ko 'yar Yaya. Da ta gama karatu ta zama likitar mata sai Allah ya kawo mini sauƙi, na koma ce mata Likita. Tudun Wada inda muke da Gyallesu ai ba nisa, amma ni da ita ba mu taɓa zama a tabarma ɗaya mun yi hira ba. In ina da magana sai in ba Hadiza, autarku, ta kai. Kada wani ya ce ba na son ta. In ta shigo gidan nan ina kan keken ɗinki, ta wutsiyar ido nake auna ta, in ga ta rame ko ta ciko. Kayan sallarta duk ni na ɗinka, ban taɓa sa mata tef a jiki ba, kuma ba su taɓa yi mata yawa ko kaɗan ba.

Shekarar da nake ba ku labari, turare ne ya fara tona asiri. Yaya mace ce mai tsabta, amma ba ta son turaren wuta, ta ce tari yake sa ta. Sai ga ɗakinta ya koma kamar na amarya, kasko ba ya mutuwa daga safe har yamma. Mata suna yi mata tsiya, wai ko bazawari ya fito ne bayan shekarun nan da rasuwar maigidanta, ita kuma ta yi dariya ta ce su bar ta ta ji ƙamshi kafin ta mutu. Wata rana da hantsi na je kai mata ɗinki, na yi sallama ba a amsa ba, na zagaya bayan ɗaki. Na tarar da ita a durƙushe tana wanke tsummoki, ruwan bahon ja wur. Matar da ta daina al'ada tun ina goyon Hadiza. Warin da turaren yake rufewa ya doki hancina, na zauna a nan ƙasa.

Da ƙyar ta gaya mini. Jinin ya daɗe yana zuwa. Abin da ya dame ta tun farko salla ce, shi ne ta tambayi malamarsu ta islamiyya. Malama ta ce a shekarunta wannan ba haila ba ce, jinin ciwo ne, ta wanke ta yi sallarta, sannan ta je asibiti. Yaya ta riƙe rabin farko ta zubar da na biyun. Tunda salla ta halatta, shi ke nan hankalinta ya kwanta. Sauran sai jiƙon sassaƙe, sai zama cikin ruwan bagaruwa, sai turare. Na ce mata yanzu Yaya kina da likitar mata a hannu, ki zauna kina wannan?

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, “Rabi, yarinyar da na yi wa tsarki da hannuna, yau ita zan buɗe wa zane? In ke ce, za ki iya?”

A ranar dai na tura Hadiza ta kai labari, kafin la'asar Likita ta zo ta ɗauke ta. Gwaji ya fito, aka ce sankarar bakin mahaifa ce, ta yi nisa, ta wuce a yi mata aiki. Aka shiga kai ta gashi da na'ura, a je a dawo, a je a dawo. Jinin ya ragu, ciwon bai tafi ba.

Babanku tsohon malamin makaranta ne, kun san shi da son jin asalin abu. Wata la'asar Likita ta biyo daga Gyallesu, ya zaunar da ita a tsakar gida ya ce ta gaya masa mene ne wannan ciwo, kuma mene ne binciken da take ta yi a kansa. Ina ɗaki a kan keke, na rage taku don in ji. Ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace tana rabuwa biyu don ta maye gurbin wadda ta tsufa. A cikin kowace akwai zaren da ke ɗauke da tsarin halittarta, kuma bakin zaren nan kamar bakin zane yake, duk rabuwa sai ya ɗan cinye. In ya cinye ya ƙare, ƙwayar ta daina rabuwa ta mutu, haka Allah ya tsara. To akwai wani sinadari, telomerase sunansa, Hadiza ce ta rubuta mini shi, aikinsa shi ne ya riƙa daje bakin zaren don kada ya ƙare. A mafi yawan jikin babban mutum barci yake yi. Amma akwai wata ƙwayar cuta da mata da yawa suke ɗauka ta zaman aure ba su sani ba. Galibi jiki yakan kore ta da kansa. In kuwa ta sami wurin zama a bakin mahaifa ta shekara tana nan, tana iya tayar da mai dajiyar nan daga barci. Daga nan ƙwayoyin da ya kamata su mutu sai su ƙi, su yi ta hayayyafa. Ta ce ba dare ɗaya ake zama sankara ba. Akwai shekaru a tsakani da wurin yake sauyawa a hankali, ba ciwo ba jini, mace tana harkokinta. In an gani a lokacin, cirewa ake yi a huta. Ita bincikenta shi ne tana auna sinadarin a ɗan naman matan da suka yarda, masu lafiya da masu somin ciwo da waɗanda tasu ta zama sankara, tana ganin yadda yake ƙaruwa in ciwon ya ƙaru. Ta ce bai warkar da kowa ba tukuna, fata dai ake wata rana ya zama alamar da za ta nuna wadda tata za ta rikiɗa.

Babanku ya ce, “Wato ƙin mutuwa shi ne cutar.”

Ta ce shi ne, Baba. Sai ta ɗan ɗaga murya, fuskarta tana wajensa amma na san tagata take yi wa magana.

“Shi ya sa duk macen da ta yi aure ya kamata a duba ta, ko ba ta jin komai a jikinta.”

Na taka keke da ƙarfi har allura ta karye.

Yaya ta rasu gab da azumi. Watannin ƙarshe Likita ta kwaso kayanta ta tare a Gyallesu, ita take juya ta, ita take canza mata ƙunzugu, ita take wanke ta. Abin da Yaya ta guda shi ya same ta, ninki ba ninki. Ba zan ba ku labarin kwanakin nan ba, wanda ya gani ya gani. A zaman makoki mata suna ta rungume Likita suna ba ta haƙuri, ni ina wani ɗakin ina karɓar tawa gaisuwar. Na ji kukanta ta bango. Amma ban tashi ba, ban san ma yadda ake tashin ba.

Bayan an share makoki saƙo ya fara zuwa ta bakin Hadiza. Wai Likita ta ce in je a duba ni, ba ita za ta duba ba, abokiyar aikinta ce. Na ce a gaya mata lafiyata ƙalau. Kuma ƙalau ɗin nake, ina cin tuwona, ina ɗinkina, ko ciwon kai ba na yi. Amma gaskiyar magana ko wa zai duba, a wurin aikinta ne zan kwanta, za ta san abin da ke ƙarƙashin zanena, abokan aikinta su sani. Tambayar Yaya tana nan a kunnena. Babanku ya ce in je, na ce sai bayan salla. Salla ta wuce na ce ɗinki ya yi mini yawa, sai bayan layya. Hadiza ta yi ta safa da marwa tsakaninmu har ta fara ƙunƙuni, ta ce ita an mai da ita ɗan acaɓa ba ko sisi.

Bayan layya muka je Gyallesu kwashe kayan ɗakin Yaya. Na ɗauko wata kwalla zan fita da ita, sai na ji muryar Hadiza da Likita a bayan ɗakin, daidai inda na tarar da bahon nan. Hadiza tana gaya mata wai ta sake yi mini magana, na ce sai an kwana biyu.

Ta ce, “Hadiza, ki daina kai saƙon nan, na gaji. Matan da ban sani ba na duba su na ce su gode wa Allah an kama da wuri. Wadda ta goya ni ta lalace a gabana tana turara ɗaki. Saura ɗaya, ita kuma ko sunana ba ta sani ba, balle ta ji maganata.”

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗa ne da ya fi mini sauƙi. Na tsaya da kwalla a hannu. Ni ce ban san sunanta ba? Sunan da ba na ɗaga goshina daga sujada sai na ambace shi? Ashe duk shekarun nan Allah kaɗai yake ji, mai sunan ba ta taɓa ji ba. Na ajiye kwallar na fita na hau keke napep na dawo gida, ban yi wa kowa sallama ba.

Ban yi mako ba na ce wa babanku zan je asibiti. Ya ce a kira Hadiza ta raka ni, na ce a'a. Na hau keke napep zuwa tashar Agoro, na shiga mota. Ko lambar Likita babu a wayata, to me zan kira in ce mata? Na isa na tarar da sashen mata maƙil, masu ciki, masu goyo, wasu a benci wasu a ƙasa. Na tambayi wata nas, ta ce in jira. Ina tsaye zuciyata tana ce mini Rabi koma gida, ai kin zo, Allah ya ga niyyarki. Can sai na hango ta ta fito daga wani ɗaki cikin farar riga, ita da waɗansu, ta ba ni baya, tana sauri ta nufi wata ƙofa da ba a barin mutane su shiga. Na ce, Likita. Maza biyu masu farar riga suka waiwayo. Na ƙara ɗaga murya na ce Likita, wata yarinya mai abin awo a wuya ta ce, Mama, ni? Kowa a wurin nan likita ne. Ita kuwa ta kai bakin ƙofa, ta sa hannu za ta tura. Na san kaina sarai, in ta shige ƙofar nan gida zan koma, kuma ba zan sake zuwa ba.

“Saudatu!”

Muryar ta fito kamar ba tawa ba. Ta tsaya cak, hannunta a jikin ƙofa, ta daɗe ba ta juyo ba. Daga baya ta gaya wa Hadiza wai muryar Umma ta ji, don ni da Yaya muryarmu ɗaya ce. Da ta juyo ta gan ni, ta ratso mutane ta zo ta durƙusa har ƙasa da farar rigarta, ana kallo. Ta ce Hajiya, lafiya? Na ce lafiya lau, na zo a duba ni ne. Ta karɓi jakata ta wuce gaba ina bin ta.

Wata dattijuwar likita ce ta duba ni, Bayarabiya mai Hausa kamar jakin Kano. Aka yi gwajin farko, aka kira ni na biyu aka ɗan tsinki nama. Sakamako ya nuna wurin ya sauya, sauyin ma ya yi nisa, yana bakin zama sankara amma bai zama ba. Ni da ko ƙaiƙayi ba na ji. Aka yanke wurin da wata waya mai zafi, aka ce in dawo. Da na dawo aka ga akwai saura can ciki inda wayar ba ta kai ba. Dattijuwar ta zaunar da ni da babanku ta ce tunda na gama haihuwa, shawararta a cire mahaifar gaba ɗaya. Saudatu tana waje, ko ɗakin ba ta shiga ba. Babanku ya dube ni ya ce jikina ne. Na tuna bahon Yaya na ce a cire.

Yanzu maganar naman, Sani, buɗe kunnenka. Ni na ce a sa nawa cikin binciken. Ita ƙi ta yi, ta ce bai dace ta ɗauki na mahaifiyarta ba. Sai da na je wurin dattijuwar da kaina, ta yi mini bayani dalla-dalla, na ce na ji na yarda. Abin da za a zubar, in zai amfani 'yar wani, a kan me zan hana? Kuma nawa ɗaya ne cikin na mata da yawa, da shi da babu shi za ta ci jarrabawarta. Ranar aikin ni na aika a kira Saudatu, na ce ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Ba ita ta riƙe wuƙa ba, ba a barin likita ya yi wa nasa. A kaina ta tsaya, tafinta a goshina, har barci ya ɗauke ni. Bayan na warke na tambaye ta, da nawa da na Yaya me ta gani? Ta ce ba ta sanin na wane ne, lamba kawai ake sawa. Amma masu irin nawa, mai dajiyar ya fara motsi ne. Masu irin na Umma kuwa ya riga ya miƙe tsaye.

Ban ce abin bai ci mini komai ba. Ɗinkin cikin ya yi ruwa, na daɗe a kwance. Bayana bai sake komawa daidai ba, in na taka keke kaɗan sai in kwana ina juyi. Ga shi can a lungu an lulluɓe shi da tsohon zani, jikoki suna ɗora kwanuka a kai. Ina kewarsa ƙwarai. Goggonku kuma ta bi dangi tana cewa Rabi ta zubar da kunya, ta ƙwala wa 'yar fari kira a bainar jama'a, har ta buɗe mata jiki. Wasu tsaran nawa har yau da wannan idon suke kallona. Kai kuma ka baro Kaduna ka tarar da ni a gado da robar fitsari, na rame na yi baƙi, alhali ka bar ni ina surfe da kaina. Na gane abin da ya tafasa maka zuciya. Ka ga abin da wuƙa ta yi mini, ba ka ga abin da ta tare ba, don lokacin jinyar Yaya daga zaure kake gaisuwa ka juya.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba wannan ba ne. Na ɗauka tunda na kira sunan shi ke nan, za mu koma kamar ni da Hadiza, ta hau gadona mu yi ta zuba. Ina. Har yau in ta zo a bakin ƙofa take zama, ta tambayi magani, ta auna jinina, ta ce za ta tafi. Sunan ma in zan faɗa sai na yi shiri, harshe ya riga ya saba da kaucewa. Ita ba ta da laifi, ni ma ban san ko ina da shi ba, haka muka tarar ana yi. Na dai gaji da ganin tana shigowa gidan ubanta kamar baƙuwa, ƙaninta yana ɗauke mata kai saboda ta tsawaita wa uwarsa kwana da izinin Allah.

Matanku da 'ya'yanku mata, ku kai su a duba su, kada ku jira turare. Wannan ke nan. Sauran magana ɗaya ce, kuma wasiyya ce. In ranata ta zo, kada Goggonku ko wata ta ce 'yar fari ba ta shiga wurin wanka. Saudatu ce za ta wanke ni. Kai kuma Sani, kai za ka ɗebo ruwan da hannunka, ka kai bakin ƙofa, ka yi sallama, ka ce mata Yaya ga ruwa. In za ka iya faɗa a ranar, ban ga abin da ya hana ka faɗa tun ina ji ba.